Dutsen da Ba a Sawa a Akokan

Ƴan uwa masu bin labarina, yau ni kaina ban san ko murna zan yi ko in nemi wurin ɓuya ba. Wanda yau ya fara leƙowa, sunana Siddiƙa, a Arlit nake, ina aiki a wata sibar, wato shagon intanet, kusa da tasha. Saurayina kuwa ban taɓa sa shi a ido ba sai ɗazu da la'asar, shi ma ta hujin ƙofa. Amma bari in fara da duwatsun, don su suka jawo komai.

Babana, Malam Halidu, ɗan Damagaram ne, sai dai ƙarfinsa duk a ƙarƙashin ƙasa ya ƙare, a ramin ma'adinin Akokan, har ranar da aka rufe shi. Tun kafin a haife ni wani injiniya ɗan Japan ya koya musu wani wasa, shi da abokansa. Sunan wasan go, amma tsofaffin nan darar Japan suke ce masa. Allo ne mai layuka da suka gicciye juna, mutum ɗaya da baƙaƙen duwatsu, ɗaya da farare, kowa na neman ya kewaye fili. Duwatsun da suka haɗa jiki, su Baba ekip suke kiransu, kamar rukunin ma'aikatan da ke sauka rami tare. Duk gurbin da ke buɗe a gefen ekip kuwa numfashi ne. In aka toshe mata numfashi duka, ta mutu, sai a kwashe ta daga allo.

Allon Baba murfin wani tsohon kabad ne, da ƙusa mai zafi ya ja layukan. Fararen duwatsun amininsa Ghissa ne ya tsinto su a wata ƙorama wajen Iferwan. Ina ƙarama na taɓa sa ɗaya a baki, sanyi gare shi kamar ba ƙasar nan aka same shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, tsofaffin nan ba sa mance wasa. Mutum ya rasu tun ina goye, amma Baba zai zauna ya jera maka wasan da suka yi, dutse bayan dutse, har ya nuna maka inda marigayin ya tsaya ya yi tari. Da na ga suna raguwa, wasu sun koma Maradi, wasu sun koma ga Allah, sai na buɗe musu ɗan shafi a intanet. Baba da Ghissa su jera, ni in shigar, kowane wasa da sunayen masu shi a sama. Kowace safiya kuma ina sa ƙulli ɗaya: ƴan duwatsu a kusurwa, a ce wa mai kallo, kai ne da wasa, ta ina za ka kashe, ko ta ina za ka tsira?

A nan Zayyadu ya same ni. Ɗan Tawa ne, yana aikin ordinater, wato kwamfuta, a Yamai. Kafin in gama shan kunu ya turo amsar ƙullin. Daga amsa aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma, to, kun dai gane. Hotonsa da ya turo, farar shadda ce da tabarau, kunnensa na hagu ya ɗan fi na dama fitowa waje. Ban san dalili ba, wannan kunnen nake fara kallo.

Inna kam ba ta ga abin kallo ba.

"Mutumin waya!" in ji ta, tana tankaɗe. "Ga Ismaghil mai kamyon da ke jigilar kaya zuwa Assamakka, da ƙafarsa yake zuwa gaishe ni, da dabinonsa. Shi wancan wa ya taɓa ganin inuwarsa?"

"Inna, Ismaghil in ya zo labarin tayoyi yake ba ni."

"To tayoyin dai na gaske ne. Ƙannenki mata duk an sa musu rana, ke kina nan kina hira da duwatsu."

Na ci gaba da tsince shinkafa. A raina na ce, ai duwatsun ma sun fi wasu iya hira.

Ana cikin haka shafin ya fara ciwo. Ka buɗe shi, ya yi ta juyi kamar babur ɗin kabu-kabu da mai ya ƙare masa. Na zaci rezo ne, wato sabis, don rezon Arlit kun san halinsa. Da na duba ciki, sai na ga wani baƙo yana shiga yana buɗe wasanni ɗaya bayan ɗaya da saurin da ɗan Adam ba zai iya ba. Ba ya kallo, kwasa yake yi. Robo ne, irin wanda ake sakawa ya bi shafin mutane yana yashe abin da ke ciki.

Da ma a nan ta tsaya, da sauƙi. Ran nan ina yawo a wani babban rumbun wasanni na ƙasar waje, sai na ci karo da wasan da na sani kamar tafin hannuna, wanda Baba ya yi da marigayi Aghali. A sama an rubuta da Faransanci: baƙi, ba a san shi ba, fari, ba a san shi ba. Na gangara ƙasa, ga su nan birjik, duk namu, ba suna ko ɗaya.

Da na nuna wa Baba, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Aghali ba a san shi ba?" Ya tashi ya shiga ɗaki. Ranar bai ci tuwo ba.

Sai na yi wa shafin ƙofa. Na ce duk mai son shiga wajen tsofaffin wasanni, sai ya warware ƙulli tukuna. Na zaɓi mai wuya, ina ta jin kaina. Wayyo! Robon ya warware shi kafin in ɗauke yatsa. Wanda ƙofar ta kama shi ne Ghissa. Ya zo da la'asar cikin rawaninsa na shuni da ya rina masa kumatu, yana riƙe da wayarsa da yatsa biyu kamar kunama, ga Hausar nan tasa da ba ta bambance mace da namiji.

"Siddiƙa, kai ne ka rufe ni waje? Ni da na tsinto duwatsun?"

"Baba Ghissa, ɓarawo nake tarewa."

"To ɓarawo ya shiga, mai gida tana waje. Aikin ka ya yi kyau."

Baba ya yi dariyarsa ta farko tun ranar nan. Ya karɓi wayar ya ga ƙullin da na sa: farar ekip, numfashi ɗaya ya rage mata, ba ta da hanyar tsira. Ya ce, "Shi injin naki, me ya yi a nan?"

"Ya sa dutsen ƙarshe mana, ya kashe."

Suka kalli juna, shi da Ghissa.

"To ba ɗan Akokan ba ne," in ji Baba.

A nan na tuna abin da nake gani tun ina yarinya ban taɓa lura ba. Mutanen Akokan ba sa sa wannan dutsen. In ekip ɗin abokin wasanka ta mutu, numfashi ɗaya ya rage, ba ka toshe shi da hannunka. Sai ka aje dutsenka a bakin allo, wajen layuka, ya yi ƙwas a kan katako. Mai duwatsun ya tattara su da hannunsa ya miƙo maka. Ci dai ka ci, amma ba kai ka rufe iskar ba. Ba ɗan Japan ya koya musu haka ba, Baba ya ce shi ma har ya tafi yana musu dariya a kai.

"Wanda ya yi shekaru yana shaƙar iskar da inji ke turo masa ta bututu," in ji Baba, "hannunsa ba ya zuwa wurin nan. Ko a wasa."

Washegari na sauya ƙofar. Ƙulli dai shi ne, amma duk wanda ya sa dutsen ƙarshe sai ta rufe masa. Wanda ya taɓa bakin allo, wajen layuka, shi za ta buɗe wa. Ban rubuta bayani ko kalma ɗaya ba. Ghissa ya shiga a gwajin farko, da wannan ƙaton yatsan nasa. Wasu tsofaffi daga Maradi ma suka shiga. Robo kuwa ya kashe, ƙofa ta rufe, ya dawo ya kashe, ta rufe. Ina zaune a sibar ina dariya ni kaɗai, har wata mai fotokopi ta tambaye ni ko lafiya.

Sai ga mesaj ɗin Zayyadu.

"Mai ƙulli, mi kika yi ma shafin? Na sa amsa daidai ya kore ni."

Na ce a raina ai ba laifinsa ba ne, bai san al'adar ba. Ina shirin ba shi amsa, wani ya sake shigowa.

"Kuma ya tsayar mini da robona. Saura kaɗan in ƙare kwashewa."

Ƴan uwa, na karanta, na kife wayar a kan tebur, na ɗauka na sake karantawa. Robona. Kamar mutum ya ce akuyata.

"Kai ne?" Abin da na iya rubutawa ke nan.

"Ni ne mana. So na yi in ba ki mamaki. Shafin naki inda yake ba shi da ƙarfi, rana ɗaya zai iya ɓacewa da komi. Shi ya sa nika kai su babban rumbu, inda ba su ɓata har abada. Kyauta ce, don Baba."

"Sunayen fa?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa.

"Wane sunaye? Wayyo. Robon duwatsu kaɗai na ce ya ɗauko."

Na kashe wayar. Na kunna. Na sake kashewa. Wai fushi nake, amma fushin ya rasa inda zai zauna. Ɓarawon da na yi makonni ina tsine masa shi ne mai kunnen nan, kuma wai kyauta yake haɗa mini. In ce mugu ne, ba mugu ba ne. In ce bai yi komai ba, Baba ya kwana da yunwa a kan Aghali.

Ban iya ɓoye wa Baba ba. Na same shi a rumfa yana goge duwatsu da tsumma, na durƙusa na faɗa masa duka. Inna tana bakin madafa, ta tafa hannu.

"Ba na faɗa ba? Mutumin waya, ashe ma ɓarawon waya!"

"Hawa, ya isa," in ji Baba. Ya juyo gare ni. "Zai iya mayar da sunayen?"

"Ya ce ya fara, ɗaya bayan ɗaya, da hannu."

"To wannan tsakaninsa da matattu ne. Nawa daban. In da gaske yake sonki, ya zo ya zauna a gaban allon nan. In ya sa dutsen ƙarshe, a ba shi ruwa ya sha, ya koma inda ya fito, kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

"Baba, ai bai san al'adar ba. In gaya masa?"

"Mu wa ya gaya mana?" Ya hura ƙurar wani dutse. "In kin gaya masa, ke kika buga wasan, ba shi ba. Kuma zan gane."

Na dai rubuta wa Zayyadu cewa Baba na son ganinsa, su yi wasa ɗaya. Na zaci zai kawo uzuri, don hanyar Agadas zuwa Arlit ba ta raga wa kowa. Sai ya turo hoton tikitin kar, wato motar safa. Ya ƙara da cewa, "Ki ce ma Baba ya shirya, ba ni tausaya ma tsoho a kan allo." Da dariya ya rubuta. Ni kuwa ban taya shi ba.

Yau ya iso. Ya sauka gidan wani ɗan garinsu a Akokan, ya yi wanka, da la'asar ɗan kabu-kabu ya aje shi ƙofar gidanmu. Ni tun azahar na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen kifi, na ɗaura kallabi na kwance ya fi a ƙirga, na turara mayafi, alhali na san ba za a kira ni ba. Inna tana ta mita, amma na lura ta fito da sabuwar tabarma, ta kuma soya nama.

Ƙofar da ke tsakanin tsakar gida da rumfar Baba ta kwano ce, akwai wani huji inda ƙusa ta fita. A nan na manna ido.

Ya fi hoton tsawo, ya kuma fi shi rama. Shaddar dai ita ce, ta sha guga. Kunnen yana nan yadda na san shi. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Ghissa da ke gefe yana hura gawayin shayi. Kafin a ce komai ya buɗe baki da kansa.

"Baba, na yi kuskure a kan sunayen. Na mayar da na Malam Aghali, sauran ina kan yi."

Baba ya tura masa kwanon baƙaƙen duwatsu.

Suka fara. Ni da nake ganin ƙulli kullum, daga hujin nan rabin allo kawai nake gani, sauran rabin gwiwar Baba Ghissa ta tare. Amma na ga Zayyadu ya iya. Yana aje dutse kamar mai aje ƙwai. Na kuma ga Baba yana barin wata farar ekip a kusurwar da ke kusa da ni tana shiga matsi, ba ya kai mata agaji. Da gangan yake yi. Numfashinta ya yi ta raguwa, nawa ma haka, har ya rage ɗaya.

Zayyadu ya ɗauki dutse. Na ga idonsa ya sauka daidai gurbin. Na ga hannunsa ya tashi. Na so in yi tari, in ture kwano, in ƙwala ihu cewa akuya ta shiga madafa, amma ban yi ko ɗaya ba.

"Yaro, karɓi," in ji Ghissa.

Kofin shayi ne ya miƙo masa, cike da kumfa, har bisa allon. Kun san ba a barin hannun dattijo a miƙe, ba a kuma karɓa da hagu. Zayyadu ya aje dutsen a bakin allo.

Ƙwas.

Ya karɓi kofin da dama, ya kurɓa.

Baba ya kalli dutsen nan da ke wajen layuka, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa hannu ya tattara fararen duwatsunsa na kusurwa, ya kama hannun Zayyadu na hagu ya zuba masa su a tafi.

"Allahu akbar," in ji Ghissa, yana gyara rawani. "Wannan yaro, uwarsa ya yi masa tarbiyya."

Zayyadu ya kalli duwatsun, ya kalli Baba, ya kalli kofin. Ya buɗe baki, Ghissa ya cusa masa farantin nama a gaba. Aka kira magariba, suka tashi tare zuwa masallaci, Baba yana riƙe da hannunsa. Baba fa, wanda ko samarin ƙannena bai taɓa riƙe wa hannu ba.

Inna ta zo ta ture ni daga hujin ta leƙa, ba kowa sai allo.

"To," ta ce, "yana da inuwa dai. Amma a ce masa ya dinga cin abinci."

Na shige ɗaki na faɗa kan katifa da atamfar da komai, ina dariya ina share ido. Ban gama ba wayata ta yi ƙara.

"Siddiƙa, mi ya faru ne? Na ga gurbin sarai. Cewa na yi in sha shayin in kashe ta, sai Baba ya kwashe da kanshi. Ko ya ji haushi ne na yi jinkiri? In ya ƙara ba ni dama, wallahi ba ni ɓata lokaci."

Dariyar ta yanke.

Ashe ba tausayi ba ne, shayi ne. To amma shi ma shayin, ladabi ne ya sa ya aje dutsen, ko ba haka ba? Da wani ne, sai ya buga tukuna ya bar tsoho da hannu a miƙe. Wannan ba ya cikin lissafi? Shi kuma Baba Ghissa, da duk Arlit an san ba ya ba da kofi sai kumfa ta yi yadda yake so, me ya sa ya miƙa daidai lokacin nan? Ni da nake tare robo a ƙofa, yau ga shi ban san ko mutum ya shiga da gaskiya ko an ɗaga masa labule ba.

Ina cikin wannan na ji sun dawo daga masallaci, Baba da Ghissa kawai. Baba ya tsaya a bakin ɗakina.

"Siddiƙa."

"Na'am, Baba."

"Baƙon naki ya isa masauki?"

"Ya isa. Yana, yana godiya."

"Madalla. Yaron yana da hankali." Ina jin ƙarar carbinsa. "Ki ce masa gobe da hantsi ya dawo, mu sake ɗaya kafin in aika wa iyayensa. Ni da shi kawai. Ghissa zai tafi duba lambunsa."

Daga rumfa na ji muryar Ghissa: "Wace lambu? Ni ban ce zan je lambu ba."

"Za ka je," in ji Baba. "Ka tafi da butar shayinka."

Ga ni nan zaune, ban ko cire kallabi ba. Na rubuta masa, "Gobe in ka ga numfashi ɗaya ya rage," na tsaya. Na goge. Na sake rubutawa, har da inda zai aje dutsen. Baba ya ce zai gane, kuma Baba mutum ne da ke tuna inda mamaci ya yi tari. In na tura, na san wa ya buga wasan. In ban tura ba, na san inda hannun Zayyadu zai sauka, don shi da kansa ya faɗa mini.

Rubutun yana nan a gabana, yatsana yana kansa. A sama kuma alamar nan ta fito: Zayyadu yana rubutu.